Muryar Baba a Cikin Kwallar Iya

Goggo Asabe,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwa ya gama janyewa daga fadama, domin abin da ya dame ni ba zai jira rani ba. Ki yi haƙuri, zan sakaya sunana.

Ni mutumin Hadejia ne, gidanmu kuma gidan fataucin bandar kifi ne. Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana sayen kifi a hannun masuntan ƙauyukan fadama, a banda shi, a loda wa fataken Anacha da Jos. Ni boko na yi, ina koyarwa a firamare, ban taɓa tsoma hannu a harkar ba sai da Allah ya yi masa rasuwa a farkon bazara. Yayana Shu'ibu yana Birniwa da shanunsa, ya ce ba zai iya ba, sai nauyin ya faɗo kaina. Ba tsoron sana'ar nake ba, na san zan iya.

Da can Baba da ajami yake rubuta al'amuransa. Da idonsa ya yi rauni, a shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, ya je Makka ya dawo da rikoda. Tun daga nan ya ajiye alƙalami. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a zaure ya danna, ya zayyana duk abin da ya gudana: wane masunci ne ya kawo tarwaɗa, wa ke banda da itacen da ba ya ɓata kifi, wane falke aka yi wa alkawarin wane iri. In an yi yarjejeniya da bulaman wani ƙauye a kan tafki, sai ya sa bulaman da shaidu su faɗa da bakinsu. Kaset ɗin sun fi sittin, kuma babu ko ɗaya da aka yi wa rubutu a jiki.

To, mahaifiyarmu Iya ce ta kwashe su. Suna cikin wata babbar kwalla a ƙarƙashin gadonta. Tun tana takaba ta fara saurarensu, har yau ba ta daina ba. Da hantsi za ta zauna tana tsintar shinkafa, Baba yana ta bayanin karfasa da ragon ruwa, wani lokaci har amsa masa take yi, ko ta yi dariya in ya yi tari ya ce a kawo masa ruwa. Na roƙe ta ta ba ni su, ta ce in sun fita ɗakin nan gidan zai yi mata shiru.

Goggo, suna lalacewa. Rikodar ta riga ta cinye zaren guda ɗaya, Iya ta yanke wurin da ya cukurkuɗe ta ƙulle da zaren ɗinki. Wasu sun fara fumfuna, don daminar bana ruwa ya zo har dokin ƙofarta. Ga fatake sun fara aiko da saƙo, kowa yana cewa Alhaji ya yi masa alkawari kaza, ni kuwa ban san mai gaskiya ba. Wani sabon bulama ma ya ce bai san da zancen yarjejeniyar da ta ba masuntanmu damar su a tafkinsu ba.

Shu'ibu ya ce in bari ta fita unguwa in kwashe, in ta yi kuka za ta gaji ta bari. Ran nan ta tafi suna, na shiga, na jawo kwallar, na buɗe murfin, sai na kasa. Na mayar na fito. Kuma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun da aka binne shi ban tsaya na saurari ko guda ba. Da na jiyo muryar daga tsakar gida sai in ɗauki kekena in bar gidan.

Yaya zan yi in ceci sana'ar ban karya zuciyar tsohuwa ba?

Ɗan Mai Banda, Hadejia

*

Ɗana,

Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba ku haƙuri. Ka kwantar da hankalinka, matsalarka tana da magani, kuma bai fi ƙarfinka ba.

Yayanka yana da gaskiya a abu guda. Kaset ɗin nan ba na Iya ba ne ita kaɗai. Abincin gidanku yana ciki, haƙƙin masunta da fatake yana ciki, kuma kowace juyawa tana rage musu kwana. Amma shawararsa ta kwashewa a ɓoye, kada ka bi. Matar da ta yi zama da mutum har ta binne shi, in ta samu inda take jin tarinsa, ba a shiga a raba ta da shi tana gidan suna. Ka yi daidai da ka mayar da murfin.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne murya tana kwafuwa. Ka ari rikoda ta biyu, ka sa mai gyaran rediyo ya haɗa maka su da waya, ya kuma goge bakin rikodar Iya ya zuba sabon batir, don datti da mataccen batir ke sa ta cin zare. Amma a gida za a yi aikin, a ɗakinta, a gabanta. Kada ka kai su shago ka baro, sirrin mutane ne a ciki. Ka sayi kaset masu awa ɗaya, masu awa biyun zarensu siriri ne, ba sa ƙarko. Kowanne a yi masa kwafi biyu. Ɗaya na Iya, ta saurara yadda ta ga dama. Ɗaya a kai wa Shu'ibu Birniwa, don ruwa ko gobara ba za su ci gida biyu rana ɗaya ba. Na asalin ka ɓalle 'yan kunnuwan da ke ƙeyarsu don kada wani ya ɗauki waƙa a kai, ka ba kowanne lamba, ka jera su a tsaye cikin adaka, a ɗora ta a sama, nesa da rana da murhu da lasifika. Makullin ka damƙa wa Iya.

Kaset ba ya dawwama, saboda haka duk wata yarjejeniya ka sauke ta a takarda, ka bi shaidun da ke raye su dangwala hannu. Da ta tafkin nan za ka fara. Ka je wa sabon bulama da ladabi da goro, ka kunna masa muryar magabacinsa. Kai ma in za ka ci gaba da ɗauka, ka riƙa buɗewa da kwanan wata da sunayen waɗanda ke wurin.

Saura kai. Ba za ka iya sa wa kaset lamba ba sai ka ji abin da ke ciki, kuma na fahimci wannan ne ya fi yi maka nauyi. Kada ka yi shi kai kaɗai. Gobe da ka taso daga makaranta, ka shiga ka zauna a tabarmarta, ka ce mata, "Iya, sa mini wanda kika fi so." Ta saurare su duka, ita za ta nuna maka inda komai yake. Na farkon zai yi zafi. In hawaye ya zo ka bar shi, a gaban uwarka kake, ba wanda zai ji.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya ja kwanan Iya, ya sa kakar bana ta zo muku da alheri.

Goggo Asabe