Sojojin Jininka Sun Gaji

Assalamu alaikum Yaya Lukmanu,

Ya Inna, ya noman rani a Bunkure? Lafiya lau nake a Alƙahira, abinci ne kawai ya ƙi shiga tun da matarka Barira ta shaida mini ka ajiye maganin ƙanjamau, wai ka ji ƙarfi.

Yaya, karatuna ke nan, kullum ina duba jinin masu cutar. Sojojin jikinsu na nan da ransu, amma yaƙi ya yi tsawo har sun taka wa kansu birki. Kai da kake hutar da injin ban-ruwa ka san amfanin hutu, to maganin nan ne hutunsu.

Don girman Allah ka koma asibiti. Kada in dawo in tarar da shinkafa babu kai.

Ƙanwarka,
Saliha