Guɗar Masu Gogen Meksiko

Daren Juma'a, Glenwood

'Yata Rabi ce ke rubuta min wannan, tana ta kumbure-kumbure.

Yau ta kai ni jami'a kallon wasu tsofaffi huɗu masu goge daga Meksiko. Shekara arba'in suna kiɗa tare, gobe za su yi na bankwana. Da suka tsagaita kowa ya yi tsit, ni kuwa na rangaɗa guɗa. Ashe kiɗan bai ƙare ba.

Rabi ta ce, "Mama, kin kunyata ni. Gobe ba za ki je ba."

Ni da marigayi mijina ko shekara talatin ba mu cika ba. Waɗannan sun yi arba'in ba su watse ba, sai a sallame su da tafi kawai? Na san bas ɗin da ke zuwa can. Zan jira su sauke gogen, sannan su ji guɗa.