Tabarmar da Alƙali Bai Duba Ba

Yaya Fuatino,

Gaisuwa mai yawa daga Brisbane, nan Ostareliya. Ya Mama da ciwon gwiwa? Mu lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaura.

Kin san an soke bizar ɗana Uelese bayan faɗan nan, wai halinsa bai dace da ƙasar ba. Bisa al'adarmu ta Samowa, na durƙusa lulluɓe da tabarmar neman gafara a ƙofar gidan yaron da ya ji wa rauni, har ubansa ya yaye ta ya rungume ni. Sai na rantse wa Uelese cewa kotu ma za ta yafe. Ni mai karatu!

Lauya ta ce, "Baba, alƙali ba ya auna tuba. Kuskuren jami'in da ya soke bizar kawai yake nema."

Jami'in kuwa ya iya aikinsa, ba a sami kuskure ba.

Za su sa Uelese a jirgin Apiya, babban birninmu. Rabonsa da Samowa tun yana goye, ko gaisuwarmu bai iya ba. Kada ku yi masa dariya da yawa.

Ki ce wa Mama hutu kawai zai zo yi. In ta tambayi ranar komawa, ki ce ta tambaye ni.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Lafaele