Ƙafar Inna da Babur Ɗinka

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Legas, ya yara da mamansu? Muna lafiya, sai dai hankalina bai kwanta ba.

Ran kasuwar Bagwai na goya Inna a babur ɗinka. Ka san ta, sai zaman gefe. Ɗan ƙarfen taka ƙafar bai isa ƙafa biyu ba. Muna faɗawa rami, ɗaya ta zame kan salansa ta ƙone.

Ka hana a taɓa babur ɗin, na sani, amma mai walda zai iya sa faffaɗan mataki. Ka amsa min kafin mu koma wankin ciwo. Ita cewa take gara ta taka da a ɓata maka shi.

A sa ta a addu'a. Gaida kowa.

Ƙaninka,
Habu