Akuyar da ke Haushi a Bakin Kogi

Zuwa ga likitan dabbobin da ya kawo mana rigakafi a bakin kogi, nan Gaya.

Ranka ya daɗe, ina yi maka sallama, ina gaishe ka da aiki, tare da fatan iyali suna lafiya. Sunana Mariyama, bandar kifi nake yi kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. In ka ga rubutun nan yana karkacewa ka yi mini afuwa, ina rubutu ne ina dariya. Yau da hantsi aka kwance karena bayan kwana goma sha biyar a ɗaure, kuma tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na raba ƙosai, na taka rawa a gaban matan unguwa duk da shekaruna. Sai dai murnar ba ta hana ni kawo ƙara ba, kuma ƙararka na kawo gabanka.

Na farko. Sunan karen Duwan, wato ɗan kwastan, domin ba mai wucewa ta gaban rumfata bai shinshina kayansa ba. Shekara shida yana tsare mini kifi daga kyanwoyi da shirwa, bai taɓa cin ko jela ba sai wadda na jefa masa. Ranar da kuka zo da akwatin sanyinku, na jawo shi da igiya na shiga layi a bayan Fulani. Aka gama da shanu, aka gama da tumaki da awaki, sannan aka zo kanmu. Ma'aikacinka ya ja da baya, ya ce yana da alwala, yawun kare ba zai taɓa masa riga ba. Ban ga laifinsa ba. Ni na matse Duwan a tsakanin gwiwoyina, shi kuma ya miƙo hannu daga nesa kamar mai ɗibar garwashi, ya soka allura.

Na biyu, takarda. Karnen da kuke bayarwa, wato katin shaidar rigakafi, yana da gurbin shanu, da na tumaki, da na awaki, har raƙuma da jakuna an san da zamansu. Na kare ne babu. Bawan Allah ya ɗan ciji biro, ya auna tsayin Duwan da ido, ya sa alama a gurbin awaki, ya buga kashe, wato hatimi. Na yi lakwal, makarantar boko, karatu ba ya gagarata, amma ranar hannuna duk ƙarnin kifi ne, sai na naɗe karnen na ƙulle a bakin zane ban duba ba.

Na uku shi ne abin da ya biyo baya. Ina da abokiyar ciniki, Sika, wadda ke ƙetaro gada daga Malanbil kowane mako ta ɗauki kwanduna biyu. Rannan ta ja da baya da kaya a kai, ta taka wutsiyar Duwan, shi kuwa ya kafa mata haƙori a idon sawu. Muka wanke wurin da sabulu, muka hau kabu-kabu sai asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta nemi takardar rigakafin karen, na miƙa mata ina hura hanci. Ta karanta, ta dube ni, ta dubi ƙafar Sika, sannan ta tambaye ni a tsanake ko akuyar tawa ta daɗe da fara cizon mutane. Ɗakin ya kaure da dariya, har Sika da ƙafarta ke jini sai da ta riƙe ciki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Matar ta ce wannan takarda ba ta shaidi komai ba, dole Sika ta fara allurar haukan kare a ranar. Mai unguwa kuma ya yanke cewa a ɗaure Duwan kwana goma sha biyar a gindin mangwaro, in ya nuna wata alama a kashe shi. Ranka ya daɗe, na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na ji wa Sika tsoro, mai 'ya'ya huɗu, na ji wa karena. Kowace safiya in ajiye masa ruwa, in tsaya sai na ga ya sha, tunda mahaukacin kare gudun ruwa yake. Maza suna wucewa da sanduna suna leƙensa, kyanwoyin unguwa kuwa sun yi ƙiba da kifina.

Yau mai unguwa ya zo da dattawa biyu. Duwan ya shanye ruwansa, ya kaɗa wutsiya, ya binciki aljihun mai unguwa kamar yadda ya saba, aka ce a kwance shi. Yanzu duk bakin kogi Akuya ake kiransa, wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ma ya taya shi don layya.

Ga roƙona. Ku ƙara gurbin kare a karnenku, layi ɗaya ne. Ku zo da takunkumi da safar hannu, ko ku ɗauko ɗaya daga maharban ƙauyen Tanda ko na Bana ya riƙa kama muku, don kada alwalar kowa ta shiga maganar.

Na ƙarshe shi ne wanda ko rawar yau ba ta fitar mini da shi daga rai ba. Wanda ya rubuta akuya, daga wace kwalba ya zuƙo allurar? In ta kare ce, ka rubuta mini haka da hannunka, domin Sika ta ce ba za ta sake tako rumfata ba sai ta gani. In ta awaki ce, ka gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Gobe da sassafe zan jawo shi ofishinka, ni zan riƙe shi da kaina, amma wannan karon sai na karanta kwalbar kafin a soka.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga harbin shanu da cizon awaki irin tawa.

Wassalam.

Mariyama mai bandar kifi,
bakin kogi, Gaya.