Rafin da Takarda Ta Haifa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan, amin. Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, da ma ki ga inda aikin awon ƙasa ya kawo mu. Gidanmu a gindin duwatsu yake. Ta tagar kicin ina hango tudu bisa tudu, rafuka na gangarowa kamar an warware farin zare, su haɗu can ƙasa su zama kogi. Sau biyu ina ƙona girki garin kallo.

Amma mun sha zullumi. An turo maigida ya sabunta taswirar yankin, wadda aka zana shekara sittin baya, lokacin da masu awo ke hawan duwatsun nan da ƙafa suna jan sarƙa. Ya ce mutanen nan sun cancanci jinjina, kowane kwari yana inda suka sa shi. Rafi guda kawai ya rasa. Sati uku yana nemansa, har takalminsa ya yage. Shugabansa ya ce rafi ba ya ƙaura, lalaci ne ya hana shi zuwa, in bai nuna shi ranar Litinin ba, ya ajiye aikin.

Ranar Asabar ya shimfiɗa taswirar a tabarma ya yi tagumi. Na leƙa, na ga rafin a miƙe sambal, daidai tsakiyar takardar. Sai na tuna littattafaina na soyayya, yadda nake ninke shafi in an kira ni, har wurin ya yi layi. Na tambaye shi anya ba sawun ninki ba ne. Ya ce in raba shi da tatsuniya, amma Litinin na yi ya sa mai ajiyar ofis ya tono taswirar asali, wadda aka kwafo tasa daga jikinta. Ashe a ninke take, lema ta bi ninkin ta ja shuɗin tawada, mai kwafi ya ɗauka rafi ne! Shugaban ya ba shi haƙuri a gaban kowa.

To Yaya, ke da kike cewa karatun nan ko ruwan zafi ba zai dafa mini ba, komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Don Allah ki aiko mini kwalin littattafan da kika ɓoye ranar da zan taho. Maigida da kansa ya kafa musu kanta jiya, tana nan wayam tana jira.

Ki gaida Inna da Baffa, da Gwaggo mai ɗinki, da Auta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Sarkin Karatu