Na ƙera jirgin yaƙi a tsakar gida, Inna ta ɗaure kayanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, duk da na san 'yan unguwarmu suna karantawa za su gane ni, don ba wani mai jirgi a tsakar gida a Gusau sai ni. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya haɗa da shawara.

Ni kafinta ne, na haura arba'in, a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, bencin makaranta da ƙofa da gado su ne abincina. Asalinmu wani ƙauye ne a bayan Tsafe. Tun ina firamare na ga hoton jirgin yaƙin Turawan da a wani littafi, irin mai fiffike biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, matuƙi na zaune kansa a waje. Da babbar waya ta zo hannuna sai na gano ashe da katako da yadi ake yinsu, kuma har yau akwai masu sake ƙera su sak yadda suke, su ajiye mutane na zuwa kallo. Na ce katako da yadi, ai wannan gonata ce.

Shago ya yi kaɗan, sai na fara a tsakar gida, kuma ba na wasan yara ba, girmansa na gaskiya. Haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya na yanka da hannu, farfela na sassaƙa ta da maɗaci, taya na babur ne, wayoyin da ke ɗaure fukafukan na birki ne, har bindigar da ke kan hancinsa na yi da bututun ruwa na shafa baƙin fenti, saboda na asalin yana da ita. Na sa injin babur don farfelar ta juya kawai. Ban taɓa cewa zai tashi ba. Amma shekaru mutanen unguwa ba su da abin dariya sai ni, in na fito a ce Kyaftin yaushe za a kai mu Makka. Alhajin da ke bayan gidana a ƙofar masallaci ya ce a taimaka a yi mini ruƙiyya, tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Bara Inna, mahaifiyata, ta dawo wurina. Kun san halin da ƙauyukanmu ke ciki, ba sai na faɗa ba. Jirgi ya zo neman mutanen daji, abin da ya saki ya sauka a bakin gona, ƙanena da ke riƙe da ita yana cikin waɗanda suka rasu. Ta zo da buhu ɗaya. Ranar da ta shigo ina cikin lulluɓe fiffike da farin akoko, na ja shi a kan katakon ina ɗinkewa, ta tsaya ta ce, wanga mi ne, makara kake wa likkafani? Na yi dariya na yi mata bayani. Ta ce shi ma don kashe mutane anka yi shi? Na ce Inna wannan tsohon yaƙi ne, ya wuce shekara ɗari, tsakanin Turawa can. Ta ce su ma ai haihuwarsu anka yi. Ba ta ƙara magana a kansa ba. Sai dai ta ɗaura igiya a ƙofar ɗakinta ta rataya zani, kullum yana nan ko ba wanki, in za ta bayi sai ta bi jikin bango kanta a ƙasa. Matata ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, na ce za ta saba.

Da na gama fenti wani ya ɗauki bidiyo ya sa a waya, abin ya zagaya. Waɗanda ke ce mini Kyaftin su ne suka koma Injiniya, suna kawo baƙinsu ɗaukar hoto. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, tunda nake ba a taɓa tashi a ba ni kujera ba sai a kan jirgin nan. Wani mai makaranta ya ce yana so a kai shi harabar makarantarsa a yi masa rumfa, yara su riƙa gani, a rubuta sunana a jiki. Ya zo da malamansa bayan la'asar, suka ce a tayar da injin su ji. To a nan ne. Na san Inna na ɗaki. Ban manta ba, na tuna, har na kalli zanin, na ce a raina minti ɗaya ne, na buga kik. Farfela ta ɗauka, ƙara ta cika gidan, suna tafi. Sai matata ta fito a guje ba ko mayafi tana cewa in kashe. Muka sami Inna rub da ciki a ƙarƙashin gado, tana kiran sunan marigayi tana cewa ya kwanta, ya kwanta. Garin faɗawa hannunta ya goce, sai da aka kira mai ɗori.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da na durƙusa ina ba ta haƙuri cewa ta yi Allah shi yi albarka, aikinka ya yi kyau, mutane na yabo. Washegari da hannu ɗaya ta ɗaure buhunta, ta ce gida za ta koma, wai can in jirgi ya zo wucewa yake yi, nan kuwa kwana yake da ita. Ƙauyen nan rabinsa kango ne yanzu, ba mai ɗebo mata ko ruwa, hanyar ma sai an yi sa'a. In ta koma ban san ko zan sake ganinta ba.

Za ku ce to a fitar da jirgin mana, ga mai makaranta na jira. Nan wautata take. Na auna komai na jirgin nan har inci, ban auna ƙofar zaure ba. Na asalin da noti ake ɗaura musu fukafukai, a kwance a mayar, ni kuwa gam da ƙusa na sa na haɗe su da jikin gaba ɗaya, don lokacin ban gane zanen ba. In na sa zarto na yanke, ƙashin bayan fiffiken ya tafi, ko an haɗa ba zai ƙara tsayuwa daidai ba, ya zama itacen girki. Hanya ɗaya ita ce a fasa katangar baya a bi ta filin Alhaji, katangar kuma tasa ce. Na haɗiye girman kai na aika limami, ya dawo mini da amsa wai wanda zai tashi sama me ya haɗa shi da katangar mutane. Limamin ya ce in na je da kaina na durƙusa wataƙila ya sauko, wataƙila kuma ya tara mini jama'a. Na ce in kai Inna wurin ƙanwata da ke aure a Bungudu kafin a san abin yi, ta ce ba ta zama gidan suruki tana da ɗa namiji a raye. Matata ta ce in ban iya riƙe zarton ba in ba ta.

Inna ta ce bayan Juma'a za ta bi mota. Kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba, shi ya sa na rubuto. Lokacin da ta ce za ta tafi, kafin tsoro ya zo mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne to shi ke nan jirgi ya tsira. Uwata ce fa. Na yi istigfari amma tunanin bai fita ba, ko yanzu na ɗauki zarto na tsaya a gindin fiffiken sai hannuna ya ƙi.

Jama'a in yanke shi? Ko in je in durƙusa wa mutumin da ya kira ni mahaukaci, in ya ƙi kuma na yi asarar kwanakin da suka rage? Masu iyaye tsofaffi, akwai wata magana da ake gaya wa uwa ta kwance buhu ta ƙara haƙuri? Malamai kuma ku gaya mini gaskiya kada ku lallashe ni, in na yanke shi raina na ƙuna, ina jin haushinta a ɓoye, Allah zai karɓa a matsayin biyayya ko na yi biyu babu?